Ni Da Kyamara, Baba Da Kunne

Mai karatu, in har ka taɓa sayen kaset ɗin fim ɗin Hausa a Bata ko Ƙofar Wambai tsakanin 2000 da 2007, to ba mamaki ka taɓa riƙe aikina a hannunka ba ka sani ba. Ni mai ɗaukar hoton fosta ne. Mu ne waɗanda ake kira lokeshan a ce mu rakuɓe gefe guda, sai darakta ya tsayar da aiki sannan mu rugo muna roƙon jarumi da jaruma su sake tsayuwar nan da suka yi ɗazu, ita ta ɗan karkata kai, shi ya ɗan ɓata rai. Ba a sa sunanmu a ƙarshen fim, in ma an sa to kowa ya riga ya tashi. To amma yau ba labarin fim zan ba ka ba, ko da yake fim ne ya jawo shi. Labarin jirgin ƙasa ne, da wani tsoho, da hotuna sama da 140 da na goge da ɗan yatsana ina ji ina gani.

A Panshekara aka haife ni a 1971, ɗan jifa kaɗan daga tashar jirgin Challawa. Mahaifina leburan reluwe ne. Da diga da shebur ya fara a 1964, daga baya aka ba shi aikin duba layi, ya yi ta yi har ya aje a 1995. In ba ka san wannan aiki ba, ga yadda yake: da an sallame sallar asuba mutum zai saɓa doguwar guduma da sifana, ya soke tuta ja da koriya a ƙugu, ya bi yankin layin da aka ba shi da ƙafa, zuwa da dawowa, yana duba kowace mahaɗa inda ƙarfe ya sadu da ƙarfe. Wadda ta saki ya ɗaure, wadda ta fi ƙarfinsa ya kai wa helma rahoto. Ba ruwan aikin da sanyin hunturu, ba ruwansa da marka. Shekara 31 Baba ya yi a bakin dogo, amma zaman da ya yi a cikin tarago a matsayin fasinja bai cika a ƙirga da yatsun hannu biyu ba.

Ni ne ɗan fari, kuma Baba mutumin da ne. Bai taɓa kiran sunana ba. “Kai” ne, ko “wannan yaron”, in kuma yana magana da Inna sai ya ce “mutuminki”. Da na kama sana'ar hoto, na kuma haɗa ta da bin 'yan fim, sai na samu sabon suna, “mai hoto”, kuma yadda yake furta shi ka san ba yabo ba ne. Bai hana ni ba, bai kuma taɓa sa albarka a baki ba. Shi a wurinsa aiki shi ne wanda in ka ƙi yin sa yau, gobe wani zai mutu.

Son jirgi kuwa ban gaje shi daga Baba ba, a silima na kwaso shi. Duk wanda ya yi kallon Indiya a El-Dorado ko Marhaba ya san ba su da abin da ya fi jirgin ƙasa. Da faɗa a kan jirgi aka buɗe Sholay na 1975. A tasha Amita ya yi dako a Coolie na 1983. A ƙofar tarago Sharukhan ya miƙa wa Kajol hannu a ƙarshen Dilwale na 1995, sannan a Dil Se na 1998 Mani Ratnam ya ɗora shi da 'yan rawa a saman jirgi sukutum, jirgin na tafiya a tsaunukan Nilgiri. Kai, tun asalinsa ma fim da jirgi tare suka taso. Ɗaya daga cikin finafinan farko a duniya, wanda 'yan'uwan nan Lumière na Faransa suka nuna a 1896, ba komai cikinsa sai jirgi yana shigowa tasha, bai ma cika minti ɗaya ba. Ana cewa wai 'yan kallo sun watse da gudu don tsoro, ko da yake masana sun ce an sa wa labarin gishiri. Su marubuta ma ba a bar su a baya ba, wanda ya karanta The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi a makaranta zai tuna a cikin jirgi tsohon ya ba da labarinsa. Mu fa? Na yi shekaru ina bin lokeshan daga Tiga zuwa Bagauda, ban taɓa tsayawa da kyamara a gaban jirgi ba. Dalili kuwa a fili yake, a shekarun da fim ɗinmu ya yi tashe jirgin ne ya yi ƙaranci. Sai a yi kwanaki ba ka ji kukansa ba, awaki na kwance a kan dogo, mata na shanya a kai.

Wani abin da ya ƙara zuga ni, wasu tsofaffin mujallun Turawa ne da na tsinta a wurin masu sayar da gwanjon littattafai a Sabon Gari. A ciki na gane ashe a Ingila akwai mutanen da ba su da abin sha'awa sai jirgi. Manyan mutane da furfura, su tsaya a ƙarshen tasha cikin sanyi suna rubuta lambar kowane kan jirgi a ɗan littafi. Suna haɗa kuɗi su sayi tsohon layin da gwamnati ta yar, su gyara, su tayar da jirgin gawayi, kamar layin Bluebell da suka buɗe a 1960. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, in sun yi hayar jirgi don yawon buɗe ido, sai a tsaya a wuri mai kyau, masu kyamara su sauka su jeru, jirgin ya ja da baya, sannan ya taho a guje yana turnuƙa hayaƙi don kawai a ɗauke shi. In bai yi ba a sake! Na ce to wannan ai aikinmu ne, jirgi ne kawai jarumin. Mu nan abin da na san muna da shi mai kama da haka shi ne ɗan gidan tarihin reluwe na Jaekel House da ke Ebute Metta a Legas.

Alhali kuwa in ana batun garin da jirgi ya yi wa rana, Kano ce. A 1907 aka amince da shimfiɗa layi daga Baro, bakin kogin Kwara, zamanin Gwamna Girouard wanda shi kansa injiniyan reluwe ne. Dogo ya iso Kano a 1911, Sarki Abbas na kan gado, a 1912 aka buɗe shi ga jama'a. Da wuyan talakawa aka yi shi, aikin tilas ne na diga, har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ya yi masa waƙa. Turawa auduga suka sa rai za su kwasa, sai manoma suka ga gyaɗa ta fi riba, daga nan su Alhassan Ɗantata suka tashi, dalar gyaɗa ta tsaya. A 1930 layi ya kai Nguru. Masana'antun da suka biyo baya, daga Bompai zuwa Sharaɗa zuwa namu na Challawa, duk ka duba za ka ga ba su yi nisa da dogo ba. Ina faɗa maka wannan ne don ka san abin da Baba yake gadi da gudumarsa.

A Disamban 2012 aka dawo da jirgin Legas zuwa Kano bayan gyaran layin, tafiyar kilomita 1,126. Ran da ya fara wucewa ta bayan gidanmu Baba na zaune a zaure. Lokacin shekararsa biyar da rasa gani, hawan jinin ido ne ya cinye masa su a hankali. Inna ta ce da ya ji ƙahon sai ya miƙe tsaye ba sanda, ya tsaya ƙyam har ƙarar ta ɓace, sannan ya zauna bai ce uffan ba.

Da ƙaramar sallar 2013 ta zo, cikin watan Agusta, sai na ji yara a unguwa suna ta zancen jirgin yawon sallah, wai ana shiga a babbar tasha a zo Challawa a koma. Nan take na ƙulla abu biyu a raina, na farko na faɗa wa kowa, na biyu na ɓoye. Na ce zan kai Baba ya shiga jirgi. Gaskiyar magana kuwa, mai karatu, hoto nake so. Na san yadda gari yake. Tun harin 20 ga Janairu, 2012, kyamara ta zama abin tuhuma a Kano, balle a tasha ko kusa da gada. Na lissafa cewa mutumin da ya riƙo makaho tsoho da ƙaramar yarinya ba wanda zai kalle shi sau biyu. Wato garkuwa na yi da ubana. Na daɗe ban iya faɗin wannan da bakina ba.

Da na gaya masa sai ya ce, “Mu bar gida mu tafi birni, mu biya kuɗi a kawo mu gida, sannan a mayar da mu birni mu sake biyan kuɗin mota mu dawo gida? Lallai mai hoto.” Ummi ce ta karya shi, 'yata, lokacin tana da shekara 8. Sunan Inna ta ci, don haka shi amaryarsa ce. Ta ce, “In ba ka je ba na fasa auren.” Ya ce a ɗauko masa babbar rigarsa.

Washegarin sallah muka ɗauki A Daidaita Sahu tun daga Panshekara, don tun Janairun shekarar aka hana goyo a babur, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Tasha kuwa ba masaka tsinke. Yara ne tuli cikin shadda mai maiƙo da sabon takalmin da ke cizon ƙafa, 'yan mata da lalle har gwiwar hannu, samari da baƙin tabarau na roba, kowa ya damƙe kuɗin barka da sallarsa. Mafi yawansu ba su taɓa shiga jirgi ba, iyayen wasunsu ma haka. Aka caje mu a ƙofa, mai cajin ya ga jakar kyamara, ya dubi Baba, ya ce mu wuce. Lissafina ya yi daidai.

Na samar wa Baba kujera a jikin taga, Ummi a gefensa. Na ciro kyamara, na ɗaga ta haka kawai na danna sau ɗaya don in gwada haske, ko duba abin da na ɗauka ban yi ba. Na ce, “Baba, ina zuwa.” Ban dawo ba sai Challawa.

Ina na tafi? Ƙofar tarago, wurin Sharukhan. Bari in gaya maka wani abu da fim ba ya nunawa: wanda ke cikin jirgi ba ya ganin jirgi. Abin da kawai za ka samu shi ne in an zo kwana, ka leƙa ka hango kan jirgin ya lanƙwasa, taragai na binsa. Wannan daƙiƙar nake farauta. Hannu ɗaya na riƙe ƙarfen ƙofa, ɗaya kyamara, na ƙara saurin ƙiftawarta don kada girgiza ta ɓata hoton, samari uku na danna ni ta baya kowa na so ya leƙa. Jirgin ba gudu yake ba, amma reshen bishiya ba ya tambayar gudu, sau biyu ina sunkuyawa da kyar.

Amma fa na ga Kanon da ban sani ba. Wanda ke bin titi fuskar gari yake gani, wanda ke jirgi ƙeyarsa. Muka ratsa ta Gandun Albasa, gidaje sun matso har kamar ka miƙa hannu ka ɗauki tukunya a murhu. A kowace mararraba an tare motoci, mutane sun fito suna ɗaga hannu kamar an ce musu ɗan'uwansu ne ya dawo daga Makka. Yaran cikin jirgi na ihu, na ƙasa na bin mu a guje. Da muka shiga Sharaɗa sai ihun ya ragu, ba abin kallo sai dogayen katangu. Ta gaba, in ka bi titi, kowace masana'anta da get ɗinta da fentinta da maigadi. Ta baya kuwa sai ka ga wadda ke numfashi da wadda ta mutu, rufin kwano ya rufta, bishiya ta tsiro a tsakar sito, bututun hayaƙi ya zama gidan tsuntsaye. Maƙwabtanmu da yawa a irin waɗannan wurare suka yi ƙuruciyarsu, a masaƙa da majema da kamfanonin roba da alewa, kafin tsarin SAP na 1986 da rashin wuta da kayan waje su bi su ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauka, na ɗauka, har batir ya fara ɗumi. Daga nan sai gonaki, gero ya yi kai, damina ta wanke komai, sai kuma warin nan na majema da duk ɗan Panshekara ya san shi ko cikin barci. Mun zo gida.

A Challawa ake juyawa. Jirgi ba mota ba ne da zai yi kwana, sai a kwance kansa, ya tafi gaba, a juya masa layi ya bi ta na gefe ya wuce taragan, ya dawo a ɗaura shi a ɗaya ƙarshen. Na diro tun kafin a gama tsayawa. Na ɗauki mai juya layi, na ɗauki inda ake haɗa kan da tarago, na durƙusa na ɗauki ƙafafun, na ja da baya na ɗauki tashar gaba ɗaya da allon sunanta. Ina cikin haka na ji an dafa kafaɗata.

Wani mutum ne cikin farar kaftani, ba kaki ba, amma tsayuwarsa ta ishe ka bayani. Ya ce, “Malam, wa ya ba ka izini?” Na fara kame-kame. Na ce ni ɗan fim ne, abin da ya ƙara dagula lamarin. Ya karɓi kyamarar yana latsawa, ga bayan masana'antu, ga mararraba, ga makullin juya layi, ga tasha ta kowace kusurwa. Ni kaina da na kalle su ta idonsa sai da gabana ya faɗi. Ba na ganin laifinsa, ko a lokacin ban gani ba. A Kanon 2013, in ni ne shi, abin da zan yi ke nan. Ya ce mu je ofis. Mutane suka fara taruwa, kuma ka san a shekarun nan taro ba ya jiran bayani.

Sai na ji ƙarar sanda a kan tsakuwa. Ummi ce ta jawo shi, tana kuka. Baba ya tsaya, ya juya fuskarsa daidai inda muryar mutumin take, ya yi sallama. Ya ce, “Ɗan nan, me ya yi?” Mutumin ya ce, “Baba, ka san shi ne?” Baba ya ce, “Ɗana ne. Na cikina, na fari.” Sannan ya faɗi sunana, cikakke, ya haɗa da nasa.

Shekarata 42 a duniya ran nan. Wallahi na manta da maganar ofis, na manta da kyamara. Na tsaya kamar wanda aka kira daga barci.

Baba bai tsaya nan ba. Ya ce shi ya bi layin nan da ƙafa tun kafin a haifi mai tambayar, ya lissafa masa kwalbatocin da ke tsakanin tashar da kogi ɗaya bayan ɗaya, ya ce in akwai tsohon ma'aikaci a kusa a kira shi. Aka samu wani dattijo mai sayar da rake a bakin tasha ya shaide shi. Mutumin ya sassauta, ya ce don darajar Baba ba za a je ko'ina ba, amma duk hoton da ke da layi ko tasha ko katangar kamfani in goge shi a gabansa. Na tsaya ina dannawa, yana kallo. Da muka gama, hoto uku suka rage. Biyu na wasu yara ne da suka matsa sai na ɗauke su. Na ukun shi ne na gwajin haske.

Na san wani zai ce ai ana dawo da hoton da aka goge, da kwamfuta. Na sani, a hanyar komawa ma abin da nake saƙawa ke nan, har na suɓuta na faɗa. Baba ya ce, “Ka ce masa ka goge?” Na ce e. Ya ce, “To ka goge.” Daga nan bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba, kuma ban dawo da su ba.

A komawar na zauna kusa da shi, tunda ba abin ɗauka. A nan na ga abin da na yi asara a zuwa. Ya jingina kai da taga, kunne a waje. Ƙarar nan da mu muke ji ɗaya ce, ƙaƙas-ƙaƙas, shi a wurinsa magana ce. Sai ya ce, “Kwalbati,” kafin in leƙa sai in ji ƙasa ta yi amo, mun hau. Ya ce, “Za mu karkata dama,” sai mu karkata. A wani wuri ya gyaɗa kai ya ce, “Yaran nan sun yi aiki, sun cusa dutse sosai.” Yaran da ke kusa suka bar taga suka kewaye shi, suna rufe ido su ma wai za su gwada. Ummi kuwa sai taƙama take, tana cewa mijinta ne.

Da dare ita ta ba ni sauran. Ta ce a zuwa, da aka kusa Challawa, ya nuna mata wani wuri ya ce a nan wata damina, tun Abbanki na goye, ruwa ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin dogo cikin dare, ƙarfe ya rage a sama kamar igiyar shanya. Ya iske shi da asuba, ga jirgin fasinja na tafe daga Zariya. Ya yar da guduma ya yi ta gudu a kan tsakuwa da jar tuta, takalmi ya tsinke, har ya tare shi. Na tambayi Inna, ta ce haka ne, ita ta cire masa tsakuwa daga tafin ƙafa. Ni ban taɓa ji ba. Da ina zaune a kujerar da na biya kuɗinta, da daga bakinsa zan ji.

Ka ce na daddara? Ina! Kashegari na ɗauki babur ni kaɗai na shiga gonaki, nesa da tasha, nesa da gada, na sami manomi na gaishe shi na gaya masa abin da ya kawo ni, ya ce in hau jigawar da ke gefen gonarsa. Na zaɓi la'asar, don jirgin da ya fito daga Kano a lokacin rana na dukan fuskarsa. Na jira fiye da awa guda, sauro na cin rabonsa. Nan ba Ingila ba ce, ba wanda zai ja da baya a sake. Da ya ɓullo na bari ya cika gilashin, na danna. Mai karatu, ban taɓa ɗaukar hoto kamarsa ba, ga hadari ya yi baƙi a gabas, ga rana ta haske kan jirgin, ga gero kore shar, ga hannuwan yara da lalle sun fito ta kowace taga.

Na wanke shi babba na kawo gida. Kowa ya yaba. Ban san abin da ya kai ni ba, sai na je na durƙusa gaban Baba na ɗora masa a cinya. Ya shafa takardar da tafin hannu, santsi ne kawai. Ya ce, “Gaya mini.” Na fara zuba, hadari, rana, gero. Ya katse ni. “Dogon fa? Dutsen ya rufe kan shimfiɗar ko ya zube? Akwai ciyawa a tsakiya? Ruwa na kwanciya a gefe?” Na duba hoton. Babu dogo a ciki. Gero ya rufe rabi, sauran kuma ni da kaina na yanke shi wajen wanki, don a ganina ba ya ƙara wa hoton kyau.

Allah Ya yi wa Baba rasuwa a 2017. Bai ga lokacin da aka zo Zawaciki, nan kusa da mu, a Yulin 2021, aka aza harsashin sabon layin Kano zuwa Kaduna ba, ko na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a Fabrairun shekarar. Sabon layin faɗinsa ƙafa 4 da inci 8 da rabi ne, na Baba ƙafa 3 da inci 6, jirgin wannan ba ya hawa na wancan. Ban san me zai ce ba. Mai yiwuwa ya tambaya wa zai riƙa bin sa da asuba.

Hoton jirgin yana shagona, mutane na tambaya ko a Indiya na ɗauka. Na gwajin hasken kuma yana ɗakina. Ta fuskar sana'a ba hoto ba ne, ya karkace, hasken taga ya ƙone rabinsa, fuskar Baba ta yi dishi-dishi. Abin da ya fito tangaran kunnensa ne kawai, da gefen hularsa, da yatsun Ummi a kan hannun rigarsa. Shi ke nan hoton Baba a jirgi da muke da shi. Na shekaru 31 da ya yi da guduma kuwa ko ɗaya babu, ba wanda ya taɓa tunanin ɗauka, har da ɗansa mai hoto.

Amma na koma gonar nan, kwana biyu bayan tambayarsa. Ban jira jirgi ba. Na tsaya a kan layin na ɗauki dogo kawai, mahaɗa da kusoshinta, dutse, magudanar gefe. Na dawo na zauna a zaure ina kallon bayan kyamara ina gaya masa, yana tambaya ina amsawa, har aka kira magariba. Ya ce dutsen ya yi, amma ciyawar nan in ta bushe da kaka wuta za ta ci, in je in gaya wa helman yankin. Na ce, “Baba, ai ba su san ni ba.” Ya ce, “Ka ce ni na aiko ka.”

Na je. Na same su su shida a gindin wata maina suna cin rogo. Helman ya saurare ni har na gama, ya tambayi sunan wanda ya aiko ni. Da na faɗa sai ya aje rogon, ya goge hannu a wando ya sake ba ni hannu. Ya ce in gaida Baba, in ce masa suna sane, ruwa suke jira ya ɗauke.